Wane mai zan zuba ma injin ƙaramin jirgina? Don Allah a taimaka

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum ƴan uwa. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Yayana da ke Beljiyam ya aiko mani ƙaramin jirgin sama na rimot, mai inji, ba mai batir ba. Tun muna yara shi ke yi mani jirgin kara, ranar da za shi tafi ya ce sai ya aiko mani wanda ke tashi da gaske. Shekara tara ke nan, har na fidda rai. Cikin wata mota da ya turo ta Lome ya sako shi, kayan sunka yi wata biyu Yamai hannun abokinshi, sai da na je da kaina na ɗauko, kwalin bisa cinyata har Maradi don kada ƴan lodi su karya fiffike. Injin kamfanin O.S. ne mai bugu huɗu, na hannu, an rubuta 91 jikinshi. Ya zo da ɗan sauran mai cikin galan, da shi na tashe shi sau huɗu lafiya lau. Da ya ƙare na sa anka sawo mani wani daga Kano. Yanzu inji na zafi, yana ƙwanƙwasa, shekaranjiya har ya yar da farfela. Jibi yaya zai kira, ya ce in nuna mashi ta bidiyo. Mi zan zuba? In gwada fetur na ƴan ruwa-ruwa?

Malamin Lise: Wa alaikumus salam. Ka ba mu labarin kwali da cinya, ba ka faɗa mana abin da anka rubuta jikin galan ɗin Kano ba. Fetur kuwa kada ka soma. Bujin wannan inji ba tartsatsi yake yi ba, zaren filatinom ne ciki. Batir mai bolt 1.5 ke jajanta shi farko, daga nan tururin metanol ke riƙe mashi zafi. Fetur ba ya yin wannan aikin, kuma zai kumbura tiyon silikon da ke tankinka.

Ɗan Bagalam: Malam, hoton ƙaramar mota ne jiki, da 25%. Mai shagon ya rantse duk ɗaya ne, ya ce ma wannan ya fi ƙarfi.

Tsohon Makaniki: To ga ciwon nan, yaro. Man motar rimot ya sayar maka. 25 ɗin kashin nitiro ne, sinadarin da ke ƙara ma mai ƙarfi, mai na santsi da ke ciki kuwa sau da yawa bai wuce kashi 8 zuwa 14 ba, injinka kuma 18 yake so ko fiye. Zubar da shi. Ka samu metanol kashi 80, man zurma kashi 20, ka girgiza, shi ke nan. Haka anka riƙa haɗa shi tun ba a haife ka ba. Shekara talatin da biyar ina buɗe inji, ban taɓa ganin wanda zurma ta kashe ba. In zafi ya yi zafi, man zamani ƙonewa yake ya bi iska, zurma kuwa kauri take ƙarawa ta manne ma ƙarfe. Kuna Maradi, watan Afrilu inuwa ma ta wuce 40, mi za ka yi da nitiro?

Malamin Lise: Baba, a yi mani afuwa, wannan haɗin naka na mai bugu biyu ne. Mai bugu huɗu yana da bawul, zurma zalla tana tara dauɗa baƙa kan bawul na hayaƙi har ya daina rufewa daidai. Kuma sau ɗaya yake kama wuta cikin juyi biyu, buji na sanyi tsakani, shi ya sa in babu nitiro yake yawan mutuwa in an rage mashi wuta. Nitiro 10 zuwa 15, santsi 18 zuwa 20, mafi yawa sintetik, wato man zamani, da zurma kaɗan, kamar kashi 2 zuwa 4, ita ke tsare boris daga tsatsa. Ɗan Bagalam, duba bujinka ma, iri F ake sa ma waɗannan.

Tsohon Makaniki: Dauɗa ana kankare ta, Malam. Fistin da ya ƙone fa, wa zai kankaro maka shi? Ku ƴan boko takarda kuke karantawa, mu hannu muke sawa. Kuma ina zai ga sintetik ɗin naka nan garin? Na kabu-kabu ba ya garwaya da metanol, kwantawa yake gefe guda kamar man gyaɗa cikin ruwa.

Na Sabon Gari: Ni maganar mai shagon ce ta taɓa ni. Bara na tura ma wani jika arba'in ya kawo mani batir na jirgina, ya kawo masu kumburarren ciki, da na yi magana ya ce zafin hanyar Jibiya ne. Har yau ba kuɗi ba kaya, kuma muna haɗuwa wurin ɗaurin aure yana miƙo mani hannu.

Mai Sola: Allah ya isar maka. Ɗan Bagalam ka sayar da injin nan ka koma lantarki, ka huta. Nitiro ba a ɗaukar shi a jirgin fasinja, kullum za ka zauna jiran wanda zai biyo da shi ta ƙasa.

Na Sabon Gari: Lantarkin da za a caja da wace wuta? Unguwarmu jiya tun azahar sai bayan isha'i.

Ɗan Bagalam: Ba zan sayar da kyautar yayana ba. Kuma mutumin Kano ba macuci ba ne, abokin surukina ne. Ni ina ga ba man ba ne kaɗai, don na ɗan ƙara murɗa allurar kafireto ciki, na ji kukan ya fi daɗi.

Malamin Lise: Subhanallahi, sai yanzu kake faɗi? Ka rage mashi mai, santsin kuma cikin man yake. Ƙarancin santsi, nitiro 25, allura a matse, ga zafin gari: dole ya kama wuta kafin lokaci ya bugi baya, abin da ya kwance farfela ke nan. Mai bugu huɗu ba a saita shi da kunne. In ya kai ƙololuwa sai a buɗe allura ya sauko da juyi 200 ko 300 a minti, ka ga hayaƙi na fita salansa. Kuma kada kowa ya tsaya gaban farfela ko gefenta. In dole sai ka yi da galan ɗin nan, lissafi ne: in santsinshi 12 ne, lita guda na son ƙarin zurma wajen mililita 75 ya kai 18. Amma ba a rubuta maka adadin ba, ka ga lalube ne.

Tsohon Makaniki: Ka gani, ya dawo ga zurmata! Sa 150, yaro, gara santsi ya yi yawa da ya yi kaɗan.

Uwar Gida Mai Farmasi: Ku dakata, ɗana. Man zurma akwai shi farmasi, amma wanda mata ke saye kasuwa don gashi sau tari gauraye yake. Metanol kuma ba alkol ɗin wanke ciwo ba ne, guba ne, yana makantarwa, wutarshi da rana ba a ganin ta. Kada ka zuba shi cikin buta ko kwalbar lemo gidan da ke da yara. Ka toshe galan sosai, shan raɓa yake daga iska, balle damina na tafe.

Malamin Lise: Gaskiya ne Hajiya. Kuma in ka gama, ka zare tiyo inji ya ƙone sauran man da ke ciki, sannan ka ɗiga mashi man kariya ta hancin numfashin da ke ƙasan inji. Kwana uku ya yi da nitiro ciki, juya farfela da hannu ka ji ko boris na gurzawa.

Ɗan Bagalam: Na gode maku duka. Amma galan ɗin kuɗi na sa, ba zan zubar ba. Kuma allurar ba da yawa na murɗa ba. Gobe da asuba kafin rana ta yi zafi zan ƙara zurma cokali biyar in gwada, minti biyu kaɗai nake so don bidiyon.

Tsohon Makaniki: Cokali biyar na shayi ko na tuwo?

Mai Sola: In ya ƙone, nawa za ka bar mani fiffiken da rimot?