Musayar waƙa: Hannu a garma, ido a kan babur

Mai Bisharan Wasagu:
Salama, 'yan'uwa. Mai amsa ya ba ni a waƙe.

Shekara bakwai ina riƙe da kira,
Yau bencina ba mai zama sai ƙura.
Masu bindiga sun watsa garkena,
Rabi na Zuru, rabi Kwantagora.
Baikon Lahadi bai kai mudun dawa,
Ko in ɗau babur, in daina jira?

Ɗan Dabai:
Shekara bakwai har kake mana kuka?
Golmo ma bakwai ne, tambayi kaka.
Saurayi na noma gonar suruki,
Ba ya ƙirga rana, sai dai shuka.
Yakubu ya yi bakwai, aka ba shi Lai'atu,
Ya ƙara bakwai, kai wace ce taka?

Mai Bisharan Wasagu:
Mai wa'azin golmo a ƙarƙashin fanka,
Albashi na sauka duk wata a bankinka.
Yakubu ya yi kiwo ba mai harbi,
Laban mayaudari ne, ba ya yanka.
Zo ka kwana ɗaya a daji da mu,
In ka ga safiya, na ji wa'azinka.

'Yar Riba:
Wayyo! Ɗan Dabai, sha ruwa tukuna, wannan ta shiga har ƙashi.

Mama Zumunta:
Ku bar shi haka, yara.

Ɗana, Iliya ma ya gudu ya kwanta,
Ya roƙi mutuwa don shi ma ya huta.
Mala'ika bai zo masa da faɗa ba,
Gurasa ya ba shi da ruwa a buta.
Ya ce "ni kaɗai", aka ce dubu bakwai
Suna nan, gwiwarsu Ba'al bai gan ta.

Mu a zumuntar mata mun haɗa buhun dawa biyu. Ka faɗi motar da za mu saka.

Malam na Yelwa:
Mama, a gafarce ni, ɗangonki na ƙarshe yana ɗingishi. Kai kuma Ɗan Dabai, ɗangon Lai'atu gaɓa 14 ne, na golmo 11. Waƙa ba buhu ba ce da za a yi ta cusawa har ya fashe.

Ɗan Dabai:
Malam, gobara na ci a rumbu,
Kai kana ƙirgen gaɓa, ruwa babu.
Bulus ya sha bulala har sau biyar,
Arba'in-arba'in ne, ɗaya babu.
Da kana wurin da ka tsai da mai dukan,
Ka ce karinsa bai hau ba, ya sake sabu.

Malam na Yelwa:
"Babu" da "babu" ba amsa-amo ba ne, talauci ne. "Sabu" kuwa ban san a wace kasuwa ka sayo ta ba. In kari ba komai ba ne, ka miƙa wa ƙungiyar mawaƙa baitinka ranar Lahadi, mu ga inda mai ganga zai saka hannu.

'Yar Riba:
Mu dai muna bayan Mama. Malam, gyaran na wasu ya isa, kawo naka a auna.

Malam na Yelwa:
To, ga shi, amma sai da shimfiɗa. A 1893 mutum uku suka sauka Ikko da bishara: Bingham, Gowans da Kent. Kafin 1894 ta fita biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida, ya dawo, zazzaɓi ya sake mai da shi. Sai a 1902 aikin ya zauna a Patigi, kuma nan ne tushen ɗarikar kirista ta ECWA.

Biyu sun kwanta, ɗaya ya koma,
Ya sake dawowa, bai ce ya gama.
Duk wanda ya sa hannu ga garma,
Ba ya waiwaye in yana son noma.

Ɗan Dabai:
Ya hau kari, ban musa ba, amma ya yi sanyi kamar kunun jiya. Kuma mu 'yan ɗarikar UMCA na Zuru mun ga yadda ka shigo da tallar ɗarika ta bayan gida.

'Yar Riba:
An fara ke nan. Wai ina mai gayyar ma? Kwana uku shiru, Allah dai ya sa lafiya.

Mai Bisharan Wasagu:
Lafiya lau, 'yar'uwa, sabis ne sai na hau dutse. Mama, dawa ta iso, Ubangiji ya sāka. Malam, a tarihinka abin da na tsinta shi ne Bingham ya je gida har sau biyu, ba wanda ya kira shi Dimas, wanda ya gudu ya bar Bulus.

Lahadi mutum huɗu suka zo mana,
Tsohuwa da jikoki, sai kuma matana.
Babur na aro shi, ba don haya ba,
Zan bi sawun garke har Zuru da kaina.
Ɗan Dabai, tabarmarka na shimfiɗe,
Kashe fankar, ka zo mu yi kwana.

Malam na Yelwa:
"Matata" ake cewa, ba "matana" ba, sai in huɗu gare ka.

Mama Zumunta:
Malam!