Ƙanina ya kulle kansa a ɗaki, ya ce ba zai ga likita ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Admin don Allah a sakaya sunana. Ƙanina ne, shekararsa 28. Bara aka sa masa rana, muka haɗa lefe har aka kai, sai iyayen yarinyar suka dawo da kaya wai ba shi da tsayayyen aiki, alhali sun san shagon waya gare shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, kuma ƙanwar uwarta ce ta kitsa komai, mu mun sani. Bayan nan shagon ya durƙushe. Yau wata huɗu ba ya fita, ko masallaci. Ya rame, wanka ma sai Hajiya ta yi faɗa. Na ce mu je asibiti, ya ce shi ba mahaukaci ba ne da za a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Hajiya ta ce sammu ne. Ya zan yi?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Kin cika mu da zancen lefe, kin bar abin da ake bukata. Yana barci, ko farkawa yake tsakar dare ya kasa komawa? Yana shan tramadol ko kodin? Ya taɓa cewa gara ya mutu? Wannan ya yi kama da ciwon damuwa mai tsanani. In alamomin sun kai sati biyu ake lissafa shi ciwo, shi yana wata huɗu. Ki daina ambaton asibitin ƙwaƙwalwa. Ki kama abin da shi kansa yake kuka da shi, rama da rashin barci, ki ce a je wurin likitan iyali a babban asibiti. Ba yaudara ba ce, don ƙarancin jini, suga da matsalar tayirod (abin wuyan nan da in ya kumbura ake cewa maƙoƙo) duk suna kawo irin wannan mutuwar jiki, kuma za a gwada su. Ki rubuta abin da kika gani a takarda ki ba likitan. In ya ƙi yau, ki bari kwana biyu, ki turo wanda yake jin nauyinsa, mutum ɗaya, ba taron dangi ba.

Baban Khalifa: 'Yar uwa, ku fara da ruƙiyya da azkar na safe da yamma. Sannan ku nema masa wata yarinyar, aure zai warware komai. Laifin ai na iyayen zamani ne da suka mai da 'ya'ya haja, saurayi sai ya sayar da jarinsa kafin ya haɗa akwati.

Anti Nas: Baban Khalifa, addu'a ba ta hana magani, a haɗa su. Amma wanda ya kasa wanka ba a ɗora masa iyali. Kuma duk inda za a ɗaure shi ko a doke shi da sunan cire aljani, kada a kai shi.

Mai Kemis: In likita ya rubuta magani, ku sani ba ya aiki nan take. Fluoxetine, galibi 20mg da safe, sai sati 2 zuwa 4 ake fara ganin sauyi, wani har 6. Makon farko akan yi tashin zuciya, a nan mutane ke yar da shi. Bayan an ji sauƙi a ci gaba aƙalla wata 6, ba a yankewa kai tsaye. Amitriptyline ya fi araha, yana sa barci da bushewar baki, amma in aka sha da yawa yana taɓa zuciya, don haka a hannunki zai zauna. Kada ki zuba masa a abinci. Takaicina masu shagon da ke sayar da waɗannan ba takardar likita.

Kawu: Surutu ya yi yawa. Ku samu maza huɗu ku sa shi a mota.

Anti Nas: Kawu, ranar da aka yi haka ya daina yarda da kowa a gidan. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta sa sharuɗɗa kan kwantar da mutum ba da yardarsa ba. Tilas sai in rai na cikin haɗari.

Mai tambaya: Ni fa ba zaune nake ba. Na saya masa maganin barci a kemis, ba don komai ba sai tausayi. Zancen mutuwa kuwa, sau ɗaya ya ce da ba ya duniya da mun huta, amma cikin fushi ne. Ba zan iya tambayarsa ba, kar in sa masa tunanin.

Anti Nas: Tambaya ba ta sa tunanin. Yau ki zauna da shi ki ce, "Kana tunanin kashe kanka? Ka shirya yadda za ka yi?" Kada ki yi masa wa'azi, ki saurara. Kafin nan ki kwashe fiya-fiya, maganin ɓera, igiya, da waɗannan ƙwayoyin da kika saya. Kada ya kwana shi kaɗai. In ya ce e, sashen gaggawa ne a daren nan, ko ya so ko bai so ba.

Mai tambaya: Ba ku san Hajiya ba ne. Ta karɓo rubutu na kwana bakwai, sai an gama za ta yarda a yi wata magana.

Anti Nas: A sha rubutun. Ƙwayoyin suna ina yanzu?

Baban Khalifa: Ku dai bi maganar uwa.