Neman shawara: malamina ya dawo min da babi na biyu

Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a kimiyyar siyasa, kuma aikin kammala karatuna a kan yadda rikicin duniya ke taɓa farin jinin shugabannin gwamnatin haɗaka ne. Na rubuta cewa in rikici ya ɓarke jama'a kan rungumi shugabansu, na kafa hujja da George W. Bush, shugaban Amurka na wancan lokaci, wanda farin jininsa ya kai kashi 90 cikin 100 bayan harin 11 ga Satumba 2001. Malamina ya sa jan biro ya ce gwamnatin Bush ba ta haɗaka ba ce. Saura mako uku in miƙa. Wace ƙasa zan kama?

Baban Khalifa: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, malaminki ya fi ki gaskiya. Kama Jamus. Olaf Scholz ya hau mulki a Disamba 2021 da jam'iyyu uku, wato tasa SPD, da Greens masu rajin kare muhalli, da FDP mai ra'ayin 'yan kasuwa. Rasha ta afka wa Ukraine ranar 24 ga Fabrairu 2022, bayan kwana uku Scholz ya sanar da ware euro biliyan 100 domin sojoji. An yaba. Amma da gas ɗin Rasha ya daina zuwa, kuɗin wuta da na ɗumama gida suka yi tashin gwauron zabi, sai kowace jam'iyya ta ja zaninta. SPD da Greens na son a ciwo bashi, FDP ta kafe. A Nuwamba 2024 Scholz ya kori ministan kuɗi Christian Lindner, shugaban FDP, gwamnatin ta watse. A zaɓen Fabrairu 2025 SPD ta faɗo daga kashi 25.7 zuwa 16.4, FDP ko majalisa ba ta shiga ba.

Malam Garba: Ummi, kada ki ɗora wa yaƙin laifin duka, za su kama ki a wajen kare aikin. Hukuncin kotun tsarin mulki na Nuwamba 2023, wanda ya soke karkatar da euro biliyan 60 na bashin korona zuwa asusun sauyin yanayi, shi ya huda kasafin. Sannan ki duba Angela Merkel, wadda Scholz ya gada, lokacin korona a 2020: jam'iyyarta CDU ta kwashe yabon, SPD da ke cikin gwamnatin ba ta tsira da komai ba. Ki auna farin jinin shugaba daban, na kowace jam'iyya daban.

Ummi: Allah ya saka da alheri. To Bush fa, in cire shi gaba ɗaya?

Malam Garba: Bar masa sakin layi ɗaya a gabatarwa, ya ishe shi.