Idona ya bushe shekara 3, ina neman mafita

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne a nan Damagaram, kusa da Kasuwar Dole. Shekara 3 ke nan idanuna suna min kamar an zuba yashi, ga zafi, ga ja. Abin mamaki, wani lokaci hawaye ne ke zuba, amma likitan ido ya ce bushewa ce: maiƙon da ke fitowa daga bakin fatar ido ya yi ƙaranci, shi ya sa hawayen ke saurin ƙafewa.

Ya rubuta min maganin ɗigawa, ina sawa sau 4 a rana, ina kuma gasa idon da tsumma mai ɗumi safe da dare. Da damina nakan samu sauƙi. Amma da hunturu ya shigo da hazonsa, ko zare ba na iya sawa a allura bayan la'asar. Kwalli ma na bari, duk da faɗan Inna.

Wanda ya taɓa fama da wannan, me ya yi maka aiki? Maganin ɗigawa marar sinadarin adanawa ana samunsa a nan, ko sai Yamai ko Kano? Don Allah banda na gargajiya da ake zubawa cikin ido, tsoronsa nake.