Firjina ya daina sanyi, in ƙara gyarawa ko in haƙura in sayi sabo?

Maman Walid:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah ku taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Firjina mai ƙofa biyu ne, cikin kayan ɗakina ya zo, bana shekararsa tara. Da shi nake sanyaya zoɓo da kunun aya da lamurje ina sayarwa a ƙofar gida nan Kano, kuma a ciki nake samun kuɗin sabulu da na makarantar allon yara.

Wata uku da suka wuce sanyinsa ya fara ja baya. Ƙasa ya daina sanyi, sama kuma ƙanƙara sai ta kwana biyu ba ta kama ba. Na kira mai gyara, ko bayansa bai duba sosai ba ya ce gas ne ya ƙare. Ya zuba, na biya naira 15,000. Sati uku ya yi lafiya lau, sai ya koma gidan jiya. Ya dawo ya sake zubawa, na sake biya. To yanzu kwana huɗu ke nan wani sabon abu ya ɓullo: fitilar ciki tana kamawa, injin sai ya yi gurnani kaɗan, sai in ji ƙas, ya yi shiru. Bayan ƴan mintuna ya sake. Mai gyaran ya ce kwamfureso ne, wato injin firjin, ya mutu, a canza. Maigida ya ce shi ba zai ƙara ko sisi a kai ba. Ni kuma ga zafi ya shigo, lokacin da ake ciniki ke nan. Ina da adashin da zan ɗauka ƙarshen wata. In zuba shi a gyara, ko in ƙara in sayi wani?

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam. Ƴar uwa, shekara tara ai ya yi ƙoƙari. Abin da ya fara kai ki wajen mai gyara sau biyu cikin wata uku ba zai bar ki ki huta ba. Ki ɗauki adashinki ki sayi sabo mai garanti. Ni haka na yi ta fama da nawa, sai da na lissafa na ga kuɗin gyara ya kusa rabin na sabo.

Malam mai gyaran firji da AC:
Hajiya, Allah ya kawo mafita. Sana'ata ke nan, don haka ki ba ni aron hankalinki. Kafin komai, ki zare filoginsa daga soket yanzu. Wannan ƙas ɗin da kike ji, wani ɗan abin kariya ne da ke jikin kwamfureso, muna ce masa obalod. Injin yana ƙoƙarin tashi ya kasa, ya ɗau zafi, sai obalod ya yanke masa wuta. In ya huce ya sake gwadawa. In aka bar shi kwana da kwanaki yana haka, ko da lafiyarsa ƙalau zai iya ƙonewa.

Abu uku ne ke sa inji ya kasa tashi. Ko wutar da ke shigowa ba ta da ƙarfi, ko rile ya lalace, ko shi kansa injin ya cije. Rile ɗan ƙaramin abu ne da ake maƙalawa a gefen kwamfureso, shi ke ba shi turin farko. Kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kwamfureso ba. In aka ciro shi aka girgiza aka ji yana kacau-kacau kamar an zuba tsakuwa a ciki, to ya farfashe. Mai gyaran da ya yanke hukuncin mutuwar inji bai sa mita ya auna wuta ba, bai gwada da wani rile ba, bai auna ƙafafun injin nan uku ba, gaskiya ya yi gaggawa.

Sai maganar gas, wadda ita ta fi damuna. Gas ɗin firji ba man mota ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. A rufe yake cikin bututu, zagaye kawai yake yi, shekara ashirin ma yana iya yi bai ragu ba. Duk ranar da aka ce miki ya ƙare, to akwai inda yake zurarewa. Zuba sabo ba a toshe wurin ba daidai yake da ɗibar ruwa a kwando. Shi ya sa ya yi miki sati uku kawai. Aikin da ya kamata shi ne a nemo hujin, a yi masa walda, a canza ƴar matatar da ke baya, a zuƙe iska da danshi da injin zuƙa, sannan a zuba gas daidai nauyin da aka rubuta a jikin firjin.

Ki amsa mini waɗannan. An taɓa kankare ƙanƙara da wuƙa? Yaya ƙarfin wutar unguwarku da yamma? Kina ɗora shi a janareta? Sannan ki duba takardar da ke manne a ciki ko a baya, ki gaya mini irin gas ɗin da aka rubuta, R134a ne ko R600a.

Maman Walid:
Malam na gode, Allah ya ƙara buɗi. Na zare shi. Wuƙa kam ban taɓa sawa ba, ruwan ɗumi nake ajiyewa a roba har ta narke. Wutarmu da yamma fanka ma da ƙyar take juyawa, ƙwan fitila ja yake yi. In an ɗauke, muna ɗora shi a ƙaramin janareta, wannan da ake haɗa wa mai da baƙin mai. R134a na gani a rubuce. Sitabilaiza kuma ba mu taɓa sawa ba.

Baban Ummi:
To ai ga bakin zaren nan, Maman Walid. Wutar gidajenmu ya kamata ta zama bolt 230. In fanka ta kasa juyawa, wataƙila abin da ke shigo miki bai fi 160 ko 170 ba. Kwamfureso a lokacin tashi yana jan wuta ninki da yawa na abin da yake ci in ya daidaita, don haka rabin wuta ta fi rashin wuta cutar da shi. Shi kuma ƙaramin janaretan nan bai kai wat 1,000 ba, an yi shi ne don fitila da fanka da talabijin. Duk tashin da firji zai yi a kansa da ƙyar yake yi.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, ko sabo dal kika sayo kika jona a wannan soket ɗin a haka, wahalar da ta kama tsohon za ta kama shi. Ki sa kuɗin sitabilaiza cikin lissafi, mai ƙarfin da ya ninka abin da firjin ke ci, kuma mai jinkiri, wanda in an kawo wuta sai ya jira minti uku zuwa biyar kafin ya saki. Jinkirin nan yana ba gas damar daidaita a cikin bututu, don kada inji ya tashi da nauyi a kansa. Irin wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita cikin minti ɗaya ita ke cin injina.

Anti Bilki:
Malam, ban ƙi maganarku ba, amma ku masu gyara kullum gyara kuke gani. Baiwar Allah nan sana'a take yi, kowace rana da ta wuce asara ce.

Malam mai gyaran firji da AC:
Anti, kina da gaskiya, kuma ban ce lallai a gyara ba. Na ce a san ciwon kafin a kashe kuɗi, kuma binciken bai fi wuni ɗaya ba. Ga yadda nake yanke hukunci a shagona. In rile ne, ko robar ƙofa, ko makunnin da ke daidaita sanyi, ko hujin yana bututun baya inda ido ke gani, a gyara, firjin zai ƙara shekaru. In kuwa hujin yana cikin bangon firjin ne, inda bututu ya bi ta cikin soso, ni ba na karɓar kuɗin mutum, don sai an fasa jiki, kuma da wuya ya koma yadda yake. In aka haɗa da mutuwar kwamfureso a firji mai shekara tara, to a yi masa sallama.

Hajiya, tun da ba ki sa wuƙa ba balle a ce ita ta huda shi, ina jin tsoron tsatsa ce ta ci bututun ciki. Ki nemi wanda zai ɗura masa iskar naitirojin ya sa ma'auni, ya bi duk mahaɗar baya da ruwan kumfa. In allura tana sauka amma kumfa ba ta tashi a ko'ina a waje ba, hujin a ciki yake.

Hajiya Inna daga Maraɗi:
Ɗiyata, sannu da haƙuri. Mu ma nan zafin iri ɗaya ne da naku, har ya fi. In ta kama sayen sabo, ki duba takardar jikinsa, akwai harafin da ke nuna yanayin ƙasar da aka yi shi dominta. Mai N an yi shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, mai ST har 38, mai T har 43. Ɗana ne ya nuna mini wannan bayan na sayi na hannu da aka kawo daga Turai, wanda a watan Afrilu injinsa ba ya hutawa dare da rana, ruwa kuma bai yi sanyin kirki ba. Ki nemi mai T. Kuma kada ki manna shi da bango ko ki ajiye shi kusa da murhu, ki bar masa tazara a baya ya sha iska.

Baban Ummi:
Hajiya ta taɓo wurin. In za a sayi na gwanjo a kula ƙwarai, akwai waɗanda aka yi don Amurka, wutarsu 120 ce, in aka jona kai tsaye a tamu nan take za su ƙone. Tsofaffi kuma suna cin wuta da yawa. Da aka kai kuɗin wuta na rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, mai mita ya ji a jikinsa. Firjin da ke cin yunit biyu a rana, a farashin wancan lokacin naira 450 ke nan kullum, 13,500 a wata.

Maman Hanan:
Yaya, ni ma ƙanƙara da zoɓo nake yi. Shawarata, in don sana'a ne ki bar mai tsaye ki sayi firiza mai murfi a sama. Iska mai sanyi ƙasa take kwanciya, don haka in kin buɗe murfin ba ta zubowa waje kamar yadda take yi a mai ƙofa. In ta cika da kaya kuma ba a yawan buɗewa, nawa yana kwana ya wuni ba wuta ƙanƙara ba ta saki ba. Firji kuwa awa huɗu in ya yi a rufe abinci ya fara ɗumi. Sai dai ki kula da kunun aya, shi ba ya yafiya, in ya huce sau ɗaya ya yi tsami kada ki sake daskarar da shi ki sayar.

Maman Walid:
Ƴan uwa na dawo da labari. Na samu wani mai gyaran, na karanta masa abin da Malam ya rubuta. Ya auna wuta da magariba, 168 ya samu. Ya ciro rile, wallahi kacau-kacau yake yi. Da ya sa sabo ya jona ta sitabilaizarsa, injin ya tashi sumul, ashe bai mutu ba. Amma da ya ɗura iska ya bar ma'auni ya kwana, da safe allura ta sauka, kuma ya bi bayan duka da kumfa bai ga komai ba. Ya ce a ciki yake, kamar yadda Malam ya yi hasashe. Na ji ba daɗi, don mahaifiyata ce ta saya mini shi, Allah ya ji ƙanta. Amma na haƙura. Mai gyaran zai sayi injin, tun da mai rai ne. Da na nuna wa maigida bayanin nan ya ce shi zai ɗauki nauyin sitabilaiza, ni kuma adashina ya tafi a firiza mai murfi. Asabar za mu shiga Sabon Gari. Malam, akwai abin da zan kiyaye wajen ɗauko shi?

Malam mai gyaran firji da AC:
Allah ya ji ƙan Mama, ya sa albarka a sabon. A sa a jona miki shi a shagon ki taɓa bangon ciki ki ji ya fara sanyi, ki karɓi rasit da katin garanti mai hatimin shagon da kwanan wata. In an ɗora shi a keken kurkura a ɗaure shi a zaune yadda yake, kada a kwantar da shi a gefe, don man injin yana gangarawa cikin bututu. In kun iso gida ki bar shi awa huɗu aƙalla kafin ki kunna, in kuwa an karkata shi a hanya ki bari sai washegari. Ya fara aiki babu kaya na ƴan awanni, sannan ki zuba, kuma kada ki sa zoɓo da zafinsa.

Yawancin sababbi yanzu R600a ne a cikinsu. Yana sanyi da kyau, ba ya cin wuta sosai, amma yana kamawa da wuta, don haka kada a kusanto da wuƙa ko wani abu mai tsini, kuma kada ki bari wani ya zuba masa R134a. Shi kuma tsohon, kafin ƴan gwangwan su zo ɗauka, ki sa a cire masa ƙofofi. Kina da yara ƙanana, kada wani ya shiga ɓuya a ciki.

Maman Walid:
Wallahi wannan na ƙofar bai taɓa zuwa mini a rai ba, ga shi Walid ba inda ba ya shiga. Yanzu zan sa yayansa ya kwance su. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri.