Motar da aka saukar ƙasa da cin taya: abin da kanikawa suka ce

Jiya da la'asar hira ta ɓarke a wani gareji a Sakkwato, kan samarin da ke rage wa mota tsayi don gayu, bayan 'yan watanni kuma su dawo suna kukan taya.

Bakin kowa ya zo ɗaya kan abu guda: da zarar an saukar da mota, saman taya yakan karkata ciki, sai gefen ciki ya riƙa ɗaukar nauyi shi kaɗai. Daga waje ka ga taya garau, ka sa hannu ciki ka ji ta sulɓe. Amma wani dattijon bakanike ya ce karkatar ba ita ce babbar ɓarna ba. In bakin tayoyin gaba ya buɗe ko ya tsuke, tayar gurzar kwalta take yi tana tafiya, kuma wannan ya fi cinye roba da sauri. Ni ma nan na fi gamsuwa.

Shawararsu: kada a garzaya alaimen, wato saitin ƙafafun mota, ranar da aka sa sabon sifirin, ƙarfen nan mai lotsawa da ake canzawa don rage wa mota tsayi, a bari ya zauna na 'yan kwanaki, sannan a saita ƙafa huɗu, ba gaba kaɗai ba. Yanke sifirin kuwa, kowa ya ce a'a.

Iska a auna da safe, tun taya na sanyi, balle a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. In mota ta faɗa rami a hanyar Gusau sitiyari ya karkace, a koma saiti. Zurfin zanen taya in ya ragu ya kai milimita 1.6, a canza.