Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi: ta dace da labarin injiniya Bell?

Ɗan Zongo: Jama'a, ku warware mini. A yaƙin Ingila da Asante, ranar 4 ga Fabrairu 1874, a Ordashu kan hanyar Kumasi, wani laftanan injiniyan soja mai suna Mark Bell ya yi abin da ya sa daga baya aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a wurin Turawan Ingila. Dalili kuwa, ya tsaya a gaba yana ƙarfafa wa leburori 'yan ƙabilar Fante ta bakin tekun Ghana ta yau gwiwa, su kuma ko sanda ba su riƙe ba, wuta ta gaba daga Asante, wuta ta baya daga sojojin ɓangarensu masu harbi barkatai. Shi aka rataya wa lamba, su ko sunan mutum ɗaya ba a rubuta ba. Ni dai na ce kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Malam Na-Tudu: Ɗana, ka yi gaggawa. Ka taɓa kallon wasan kura? An sa mata takunkumi, an ɗaure ta da sarƙa, gardi yana gefe da kulki, haɗarinsa kaɗan ne. Ana faɗar maganar nan ga wanda ya zauna inuwa wani ya yi masa wahala. Bell kuwa yana cikin ruwan harsashin, har ma shi ne a gaba.

Hajiya Mai Koko: Malam, a gafarce ni, amma gardi ma ai yana filin, kuma wani lokaci kura kan kai masa cafka. Ba zama inuwa ake nufi ba. Rabon ne abin dubawa: wa ya tashi da kuɗi in an watse? Bature ya zo da albashi da fatan ƙarin girma. Su Fanten, da yawa tilasta musu aka yi, shi ya sa masu dako suka riƙa gudu a yaƙin nan har Janar Wolseley, kwamandan sojojin Ingila, ya rasa yadda zai yi.

Malam Na-Tudu: Wannan kam haka ne, Hajiya. Sai dai in muka kira shi gardi, mun hana shi jarumtarsa ke nan.

Ɗan Zongo: Baba, ga wani a yaƙin dai. Reginald Sartorius ma ya samu lambar, don ya ɗauko wani saje manjo Bahaushe daga cikin wuta a Abogu, a Janairun shekarar. An rubuta sunan Bahaushen, Braimah Doctor. Raunin da ya ji a wurin ne ya zama ajalinsa.

Hajiya Mai Koko: Shi an ambace shi ne saboda Bature ya ɗauke shi.

Malam Na-Tudu: To, a kan Sartorius ba zan yarda a ce gardi ba ko kusa, mutum ya sayar da ransa don ɗan'uwanmu. A kan Bell kuwa, ku faɗa wa waɗanda suka raba lambar a Landan, su maganar ta fi kama.